Fada Ta Sami Takarda, Rumbu Fa?

 Kai da ka koyi baƙi da wasali bara ko bana, wannan magana taka ce. Ka karanta ta sannu a hankali. In ka gama, ka karanta wa waɗanda ba su shiga aji ba tukuna.

Maganar rumbu ce. Rumbun zana, da rumbun ƙasa wanda ake kira rufewa. Ina so hukuma ta rubuta tsofaffin rumbunanmu cikin kayan tarihin ƙasa, kamar yadda aka rubuta fadar Sarkin Damagaram. Na san wani zai yi dariya. Zai ce malamin yaƙi da jahilci ya rasa abin faɗi. To, ya yi dariyarsa, amma ya tsaya ya ji.

ABIN DA AKA RUBUTA DA ABIN DA AKA MANTA

Ƙasarmu Nijar tana da doka a kan kayan tarihi. Lambarta 97-022. An sa mata hannu ranar 30 ga watan Yuni, 1997. Aikinta shi ne kare abin da kakanni suka bar mana, kada ya lalace, kada a rushe shi da ganganci.

A shekarar 2006 gwamnati ta miƙa sunan unguwar Birni da fadar Damagaram ga hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sun shiga jerin wuraren da ke jiran a karɓe su cikin kayan tarihin duniya. A 2013 tsohon garin Agadas ya sami shiga, da masallacinsa mai dogon soro. Duk wannan abin murna ne. Ba wanda ya ƙi shi.

Amma ga tambaya. Lokacin da Sarki Tanimun ke ƙarfafa ganuwar Birni, mutanen da suka kwaɓa ƙasa, me suka ci? Dawakin yaƙinsa, me aka zuba musu? Ayarin da ke sauka a Zango, ya ɗauki hanyar Agadas har Tarabulus, da wane guzuri yake tashi? Raƙuman da ke zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, me suke kaiwa can a musanya? Hatsi ne. Hatsin kuwa daga rumbun talaka ya fito, na Damagaram da na Damargu.

Ashe rumbu ne ya ciyar da ganuwa. Rumbu ne ya riƙe fada. Zinder ta zauna babban birnin Nijar har 1926, kuma ba duwatsunta ta ci ba. To, don me za a rubuta ɗa, a bar uwa?

Masu ilmin boko na birni, in sun ce tarihi, sarki suke nufi, da yaƙi, da bindiga. Mu mutanen karkara mun bar musu maganar. Mun ɗauka abin da hannun manomi ya yi bai kai a sa shi cikin littafi ba. Wannan tunani shi ne nake yaƙi da shi.

RUMBU ILMI NE

Tashi ka je bayan gari ka dubi rumbu da idon basira. Za ka ga ba a ƙasa yake zaune ba. An ɗora shi bisa duwatsu ko bisa itace. Don me? Don kada laima ta hau, don gara ta sha wuya kafin ta kai ga hatsi, don a ga sawun ɓera. Kaji ma suna shiga ƙarƙashi su tsince ƙwari.

Dubi zanar. An saƙa ta da gamba. Iska tana ratsa ta, hatsi yana ƙara bushewa yana ciki. Dubi jinkar. An tsayar da ita yadda ruwan sama zai gangara, ya zuba nesa da jikin rumbu. Dubi rufewa. An gina ta da hannu, zagaye bayan zagaye, ba tubali, ba ƙarfe. Jikinta bai cika kauri ba, amma tana ɗaukar damma masu yawa. Bakinta na sama ƙarami ne, akuya ba ta kai, ɓarawo ba ya saurin shiga.

Babban sirrin kuma shi ne wannan: hatsi yana shiga rumbu da zangarniyarsa, ba a sussuke ba. Hatsin da ke bisa zangarniya ya fi jure ƙwari. Yana iya yin shekaru bai lalace ba in ya bushe sosai. Wanda aka sussuke aka zuba a buhu, shi ƙwari suka fi saurin ci. Kowane tsoho ya san haka. Wanda ya yi karatun allo ma ya sani. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 47, shawarar da Annabi Yusuf ya ba mutanen Masar ke nan, su bar abin da suka girba cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari.

Rumbu kuma yana da tsari. Akwai rumbun gandu, na gida duka, wanda maigida ke buɗewa. Akwai na gamana, na mace ko na saurayi. Akwai damman iri, waɗanda aka zaɓa tun a gona, aka ajiye dabam, ba mai taɓa su ko yunwa ta yi tsanani. Manomin da ya cika dami dubu, a da, ana yi masa biki, a kira shi sarkin noma. Ka ga ke nan rumbu ba tulin kara ba ne. Ma'aji ne, kuma makaranta ce.

RANAR DA RUMBU YA YI MAGANA

Ba a sanin darajar rumbu sai shekara ta ɓaci. Tambayi tsofaffi. Sun ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, daga bakin iyayensu. Sun ji na farar 1931. Sun ga farin 1973 da 1974 da idonsu. Sun ga 1984, wadda aka sa wa suna El Buhari, shekarar da Nijeriya ta rufe iyaka. Mu ma mun ga 2005, muna yara, lokacin da kuɗin buhun hatsi ya tashi har ya gagari talaka.

A irin waɗannan shekaru, wa ya tsaya a garinsa, wa ya watse? Gidan da ke da tsohon hatsi a rumbu ya daɗe yana jan rai. Gidan da ba shi da komai ya sayar da akuya, ya sayar da saniya, ya jinginar da gona, ya kama hanyar Kano. Wasu ba su komo ba har yau.

Gwamnati ta kafa OPVN a 1970 don ta riƙe cimakar ƙasa. Daga baya aka buɗe rumbunan tsimi a ƙauyuka. Madalla da su. Amma motar taimako tana isowa ne bayan an yi ƙidaya, an rubuta takardu, an nemi mai. Rumbunka kuwa yana bayan ɗakinka. Ba ka neman sa hannun kowa kafin ka buɗe shi.

ME KE KASHE RUMBU?

Abu na farko, yankan filaye. Gari yana girma. Wurin da rumbunan unguwa suka tsaya tun zamanin kakanni, yau shi ake fara aunawa, a kafa masa duwatsun siminti, a sayar. Mai awo ba ya ganin komai a wurin, domin ba takardar da ta ce akwai wani abu. Ƙauyukan da ke kewaye da Zinder da Mirya sun san wannan magana.

Na biyu, sayar da hatsi da kaka. Ana girbi, ana sussuka, buhu yana hawa amalanke. Rumbun da ba a zuba masa komai ba, ba mai gyara shi. Shekara biyu, uku, ya kwanta.

Na uku, gamba ta yi ƙaranci. Gonaki sun cinye daji. Bakin gona, inda ake barin gamba ta yi iyaka, yanzu har can garma take kaiwa.

Na huɗu, masu sani suna ƙarewa. Saurayi yana tafiya ci-rani tun kafin a gama ɗaurin dami. Ba ya nan lokacin da ake saƙar zana. Tsohon da ya iya gina rufewa in ya rasu, ya tafi da iyawarsa kabari.

Na biyar shi ne mafi muni: kunya. Mun fara jin kunyar abinmu. Mutum yana ganin in ya tsayar da rumbu za a ce shi baƙauye ne. In ya gina mangaza ta kwano, an ce ya waye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

MASU MUSU, GA AMSARKU

Wani ya ce: "Malam, tarihi ba ya cika ciki." Gaskiya ne, in tarihin takobi ne da ke rataye a bango. Amma rumbu shi kaɗai ne kayan tarihin da ake ci daga cikinsa. Ɗauki alli mu yi lissafi. A ce ka sayar da buhu da kaka a kan jika 15. A ce damina ta tsaya, ka komo kasuwa ka sayi buhun nan a kan jika 25. Nawa ka yi hasara? Jika 10. In buhu biyar ne, jika 50 ke nan. Wa ya ci su? Wanda ya ajiye. Kai ka noma, shi ya tsima. To, wa ya ce rumbu ba ya cika ciki?

Wani ya ce: "Siminti da kwano sun fi." Ban ƙi siminti ba. Mangaza tana da amfaninta. Wuta ba ta saurin cin ta, kuma tana da kwado da makulli. Rumbun zana kuwa gobara tana cinye shi cikin ƙiftawar ido, ɓarawo ma yana iya farke shi. Wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta. Wake ma, kowa ya sani, ƙwaro ya fi ƙarfin rumbu a kansa. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda ya shigo ƙasarmu wajen 2007, ya fi kyau ga wake, domin yana toshe iska, ƙwaro ya mutu ba da magani ba. Mai hankali yana amfani da kowane abu a wurinsa. Amma ka tambayi kanka: siminti nawa ne buhu? Kwano nawa ne bandir? Da kuɗin wa za a saya? Gamba da ƙasa da kara kuwa, a gonarka suke. Kuma mangaza ba ta ɗaukar dami da yawa, sai an sussuke. Da an sussuke, sai a fara neman maganin ƙwari. Hatsin da ya shiga buhu kuma, ƙafarsa ɗaya tana kasuwa.

Wani ya ce: "In hukuma ta rubuta rumbuna, gobe za ta ce nata ne." Wannan tsoro yana da asali, ba na raina shi. A zamanin Turawan Faransa, musamman bayan yunwar 1931, an tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan ajiya. Ba mai buɗewa sai da izinin bariki. Mutum yana jin yunwa, hatsinsa yana kulle a gabansa. Kakanninmu sun ƙi jinin wannan tsari, kuma suna da gaskiya. Saboda haka dole mu faɗi sharaɗinmu tun yanzu. Rumbu na mai shi ne. Hatsin da ke ciki nasa ne. Ya buɗe ran da ya ga dama. Abin da takarda za ta hana shi ne rushewa da sayar da wurin a ɓoye. In za a ɗora wa mutum nauyin kiyaye abu don amfanin kowa, to, kowa ya taimake shi da gyara. Takardar da ta zo da hani kaɗai, ba taimako, ba mu son ta.

Wani ya ce: "Rumbun zana ba ya shekara ɗari. Ta yaya zai zama tarihi?" To, fadar sarki fa? Da ba a yi mata yaɓe ana sabunta ta, da tana nan? Ginin ƙasa duk haka yake. Ana canja zana, ana canja jinka, amma wurin yana nan, duwatsun gindi suna nan, iyawar tana nan. Su ne abin kiyayewa. Rijiyar kakanka ma an sha yashe ta, ba ka ce sabuwa ce ba.

WASU SUN RIGA MU

Kada ka ɗauka wannan magana mafarki ce. A ƙasar Sipaniya, cikin Turai, manoma suna da rumbunan dutse da katako masu tsayawa bisa ƙafafu, kamar namu, don gudun laima da ɓera. A 1973 gwamnatinsu ta yi doka, ta sa waɗanda suka kai shekara 100 ƙarƙashin kariyarta. A ƙasar Mali, tsaunin Banjagara na Dogon ya shiga kayan tarihin duniya a 1989, kuma rumbunan ƙasa suna cikin abin da baƙi ke zuwa kallo. A Nijeriya, ƙauyen Sukur na jihar Adamawa ya shiga a 1999, da gonakinsa na kan dutse. Waɗannan duk manoma ne kamarka.

Dubi kuma abin da ya faru da dalar gyada ta Kano. Duniya ta san ta. Yau babu ko ɗaya, sai hoto. Mu ma nan mun yi zamanin gyada. An kafa SONARA a 1962. Magarya, Matamai da Kance sun ga kasuwar gyada da sikeli da layin motoci. Fari ya zo, cutar gyada ta 1975 ta ƙarasa. Yaron yau bai san an yi ba. Duk inda tsohuwar mangazar gyada ko ta ƙungiyar manoma ta rage a tsaye, ita ma a rubuta ta, a gyara, a mai da ita rumbun tsimi ko ajin karatu.

TAKARDA KAƊAI BA TA RIƘE BANGO

Yanzu ga gargaɗi. A watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya ka da tsohon masallacin Birni. An gina shi wajen 1850. Ya ga sarakuna, ya ga zuwan Faransawa a 1899, ya ga tafiyarsu a 1960. Unguwar da yake ciki tana cikin jerin UNESCO tun 2006. Duk da haka ya faɗi.

Me wannan ya koya mana? Suna a takarda ba ya tare ruwa. In masallacin da duniya ta sani ya faɗi, ina ga rufewar da ke bayan ƙauye? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Takarda tana hana mai awo da mai rushewa. Yaɓe ne ke hana damina. Dole a haɗa su biyu.

Ina kira ga ma'aikatar da ke kula da al'adu a Yamai, da hukumomin jihar Damagaram: ku fito daga birni. Dokar 1997 ba ta birni kaɗai ba ce. Ina kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder: ga abin bincike nan a bakin ƙofarku. Ku zo ku auna, ku zana, ku tambayi tsofaffi tun suna da rai. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da masu gari: in kun ce wuri kaza ba a taɓa shi, ba mai taɓawa.

AIKINKA, KAI MAI KARATU

Amma ba za mu zauna muna jiran Yamai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da ajin yaƙi da jahilci zai iya yi cikin ranin nan, da kaye ɗaya da alkalami ɗaya.

1. Ku zagaya gari ku ƙidaya rumbuna. Nawa ne na zana? Nawa ne na ƙasa? Nawa ke aiki, nawa suka mutu?

2. Ku zaɓi waɗanda suka fi tsufa. Ku rubuta inda suke, da gidan da ke da su, da wanda ya gina, da dami nawa suke ci. In ba a san shekara ba, ku tambaya: kafin El Buhari ne ko bayanta? A zamanin wane mai gari?

3. Ku rubuta sunayen masu iya gina rufewa da masu saƙar zana. Ku tambayi mata ma, domin su suka fi sanin wane hatsi ke daɗewa, da yadda ake ajiye iri da toka ko da ganyen bedi.

4. Kada ku rubuta rumbun kowa sai da yardarsa. Kada ku rubuta yawan hatsin da ke ciki. Wannan sirrin gida ne.

5. Ku karanta abin da kuka rubuta a gaban mai gari da dattawa. In an yarda, ku yi kwafi uku. Ɗaya ya zauna wurin mai gari, ɗaya ya tafi wurin hakimi, ɗaya ma'aikatar magajin gari. Ku roƙa a shata filin rumbuna, a fitar da shi daga filayen da za a yanka, a kuma aika da sunansa ga masu kula da kayan tarihi.

6. Ku tsai da rana ɗaya kowace shekara, kafin girbi, ta gayyar gyaran rumbu. A share ciyawa kewaye saboda gobara. A yi yaɓe, a canja jinka. Kowane tsoho mai iyawa ya riƙe samari biyu a gefensa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Kowa ya bar gamba a bakin gonarsa. Tana tare iska, tana riƙe ƙasa, tana ba da zana.

Ɗan'uwa, sau da yawa ana tambayarmu amfanin karatun manya. Ga ɗaya daga ciki. Shekara da shekaru wasu ne ke rubuta abin da ya kamata a tuna, mu muna dangwala yatsa. Shi ya sa aka tuna da mai doki, aka manta da mai hauya. Yanzu alkalami ya shigo hannunka. Mai awon fili ba ya jin maganar baki, amma yana tsoron takarda. In ba ka rubuta rumbun kakanka ba, ba wanda zai taso daga Yamai ya rubuta maka.

Ku tattauna wannan magana a aji. Wanda bai yarda da ni ba, ya rubuto, za a buga amsarsa. Wanda ya yarda, ya ɗauki kaye ya nufi bayan gari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya kare mu daga fari da fara da gobara. Amin.